Shuɗiyar Ƙofar Ombeline

A Valsorel, 'yar ƙasar nan ta kan tsauni da mutum zai ratsa a ƙafa kafin rana ta take, babu wanda bai san gidan Ombeline mai gasa burodi ba. A gidan ne kakan kakanta ya ɓoye yariman ƙasar cikin buhunan fulawa, shekarar da sojojin waje suka hawo. Da wani kamfanin giyar shamfen ya ji labarin, sai ya zana siririyar shuɗiyar ƙofar gidan a jikin kwalbarsa, attajiran duniya suka yi ta saye. Majalisar gari ta ji daɗi, ta kafa doka: ko ƙusa kada a sake a ƙofar.

Ombeline ma ta ji daɗi a lokacin. Ba ta taɓa ɗanɗana giyar ba, amma baƙin da ke zuwa ɗaukar hoto sukan sayi burodi.

Shekara tara bayan haka ɓarin jikin mijinta Firmin ya shanye. Keken guragun da asibiti ya ba shi ya fi ƙofar faɗi da yatsu uku. Ba wata ƙofa kuma, don ta baya gidan jingine yake da dutse.

Ta je wurin Gaspard, magatakardan majalisa, wanda suka yi firamare tare.

"Yatsu uku kawai, Gaspard. Kafinta ya ce faɗaɗa ƙofar aikin wuni ɗaya ne."

"Ombeline, ƙofar nan tana kan teburin manya har a Tokyo."

"To su zo daga Tokyo su fito min da shi ya sha iska. Kai da nake share wa majina a aji, yau ni kake karanta wa doka?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce kamfanin zai ba su ɗaki a sabon bene can ƙasan kwari.

Da ta gaya wa Firmin, sai ya murguɗa rabin bakinsa mai motsi. "Tsohuwa, a ɗakin nan kika fara ƙona min miya. Ba inda za ni."

Daga nan maƙwabta huɗu suka ɗauki nauyi. Kowace Lahadi sukan ɗora shi a kujerar kicin, su karkata ta, su fito da shi dandali, ya kalli 'yan wasan jifan ƙwallon ƙarfe yana yi musu tsiya. Ƙarami a cikin maƙwabtan shekararsa sittin da takwas. Da kaka ta shigo, ɗaya ya koma wurin 'yarsa a birnin Nice, wani kuma bayansa ya riƙe.

Ranar Lahadin da ta biyo baya mutum biyu suka zo. Suka gwada, kujerar ba ta ɗagu ba. Suka tsaya suna murza hulunansu.

Firmin ya riga ya sa rigar fita tun safe.

"Yau ma da sanyi," in ji Ombeline, tana kwance masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya.