Duktur da kwanon wanka

Mijin yayata ya dawo daga karatu a ƙasar waje da digiri kan addinin Yahudu da Nasara. Tun ranar ya hana a kira shi Yaya, sai Duktur. Har matarsa haka take kiransa idan da baƙi.

Duk Juma'a bayan la'asar mukan taru a gidansu da ke unguwar Zahir, nan ƙasa mai tsarki, a sha shayi, shi kuma ya hau kujera ya buɗe mana aji ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya san abin. A bakinsa na fara jin cewa Yahudu sun kafa kyakkyawan hali a kan alkawari: Allah ya ba su dokoki, su kuma suka amsa za su bi, shi ya sa malamansu suke kwashe shekaru suna jayayya kan kalma ɗaya. Nasara kuwa, in ji shi, sun ce doka ita kaɗai ba ta gyara zuciya, sai rahamar Allah da son mutane. Wata rana na tambaye shi ko akwai inda suka haɗu. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, wannan tambayar ta fi ƙarfinki. Zuba mini shayi."

Yana da gwaggo a unguwar Jarwal. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Daga Sakkwato ta zo aikin hajji tun tana da ƙarfinta, ta zauna, ba ta taɓa samun iƙama ba, wato takardar izinin zama. Da ƙosai da kunu ta ciyar da shi har ya zama mutum. Da ya sami shagga, gida mai ɗaki huɗu a bene, ya ce mata ajiye marar takardu laifi ne a doka, kuma shi mutum ne mai suna. Ta ce ta gane. Ta ci gaba da zama a ɗakinta da fanka ɗaya.

Da ciwon shanyewar jiki ya kama ta, maƙwabciyarta ce ta kira ni. Na kira Duktur. Ya ce yana tsakiyar rubutu, amma zai yi mata addu'a. Mijina ne ya ɗauke ta a bayansa ya sauko da ita hawa uku, muka kai ta wani ƙaramin asibiti a Jidda inda wani abokinsa ya ce za su karɓe ta. Muna tafe ina riƙe da kanta a cinyata, ina addu'a a kowane shingen bincike.

Mai jinyar da ke kula da ita 'yar Filifin ce, Kirista, gajeruwa, hannayenta duk sun bushe da sabulu. Gwaggo ba ta iya riƙe komai a lokacin, sau uku ko huɗu a yini sai an sake mata shimfiɗa. Matar nan ba ta taɓa yatsina fuska ba. Takan kira ta "Mama", ta goge mata jiki, ta gyara mata ɗankwali kafin likita ya shigo, don ta lura gwaggo ba ta son namiji ya ga kanta.

A kwana na shida Duktur ya bayyana, farar riga a goge, ƙamshin turare ya riga shi shiga ɗakin. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, ya jiki?" Kafin ta iya motsa baki idonsa ya kai kan ƙaramin sakandami, wato gicciye, a wuyan mai jinyar. Nan take fuskarsa ta washe. Ya fara yi mata tambayoyi da Turanci, wace coci take zuwa, me take ganin shi ne tushen nagarta a addininsu. Ita kuwa tana ƙoƙarin juya gwaggo.

Ta amsa masa da gurgun Larabci don ni ma in ji. Ta ce ita ba ta yi karatu mai zurfi ba. Abin da aka koya mata tun tana yarinya shi ne kowane mutum Allah ne ya yi shi da darajarsa, don haka ba a ƙyamar jikinsa ko da ya lalace.

Duktur ya juyo gare ni da murna ya ce, "Kin ji? Wannan ra'ayin asalinsa daga Yahudu suka ɗauko shi. Amsar tambayarki ke nan."

Mai jinyar ta miƙo masa kwanon ruwan da ta gama amfani da shi ta ce, "Kai ɗanta ne? Riƙe nan."

Ya dubi kwanon, ya dubi rigarsa. Sai ya laluba aljihu ya ce ana kiransa a waya, ya fita. Wayar ba ta yi ƙara ba, ina tsaye kusa da shi. Ni na karɓi kwanon. Gwaggo ta bi bayansa da ido har ƙofar ta rufe, sannan ta ce da ni a hankali, da rabin bakinta da ke motsi, in tabbatar ya ci abinci kafin ya kama hanya. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai.

Da aka sallame ta gidana na kawo ta, a Aziziyya. Ta yi wata bakwai tare da mu, ta rasu da safe bayan ta sha kunu. Sau biyu Duktur ya zo duba ta.

A zaman makoki ya yi wa maza dogon jawabi kan haƙƙin wanda ya raine ka, har da misalai daga addinai uku, wasu suna share hawaye. Bayan an watse ya same ni a kicin ina wanke kofuna, ya ce in ba shi lambar mai jinyar nan, yana son sa ta a wata maƙala da yake rubutawa. Lambar tana cikin wayata, har yau mukan gaisa da ita. Na ce masa ta ɓata, na ci gaba da wanke-wankena.