Ranar da Kububuwa Ta Sari Anselme da Karyarsa

Kusan duk katangar dutsen da ke tsakanin gonakinmu a kan tsaunin Lozère, Anselme Rieutort ne ya ɗora ta. Ba ya sa siminti. Dutse kan dutse kawai, da hannun dama mai yatsu uku.

Sauran biyun tun yana yaro suka tafi. Yana taya mahaifinsa kwashe duwatsu kububuwa ta sare shi a yatsa. Uban ya danne shi da gwiwa, ya ɗaure masa hannu tamau da wayar shinge, ya zaro wuƙar aljihu ya tsaga wurin har ƙashi, ya tsiyaya barasa a ciki. Kafin a kai shi gari washegari, hannun ya yi baƙi ƙirin. Likita ya cire yatsu biyu, ya kuma gaya wa uban ƙiri-ƙiri cewa wayarsa da wuƙarsa ne suka ci yatsun, ba dafin ba. Anselme bai taɓa yarda da wannan magana ba. Maciji ya ɗora wa laifi. In ya ga ɗaya sai ya ajiye aiki ya bi shi da shebur, ya daddatsa shi, ya rataye a shinge don hankaki.

Zuciya gare shi kamar wuta. Ya taɓa fasa wa wani mahauci kujera a ka a mashayar ƙauye saboda ya shuri karyarsa Bruna, wata 'yar baƙa mai farin ƙirji da ba ta rabuwa da ƙafarsa.

Ni Célestin maƙwabcinsa ne, tumaki nake kiwo. Wata shekara bayan ƙanƙara ta narke, katangar garkena ta rushe, na kira shi. Da rana tsaka matarsa Huguette ta kawo mana burodi da cuku da kwalbar jan giya.

Anselme ya dubi tarin duwatsun ya ce, "Kai Célestin, ubanka ne ya gina wannan ko tumakinka?"

"Ubana ne, kuma da yatsu goma."

"Shi ya sa ta faɗi."

Ba mu gama dariya ba muka ji Bruna ta ƙwalla ƙara. Ta tura hanci cikin duwatsun da rana ta ɗumama, kububuwa ta kama ta a harshe. Ta yi tsalle baya tana girgiza kai, jini da yawu na zuba. Anselme ya ɗauki shebur ya yi kan macijiyar. Sara na farko ya raba ta biyu, na biyu ya fille kan, ya ci gaba da dukan gangar jikin yana zaginta har ta zama dagwargwaje. Sannan ya sunkuya ya ɗauki kan, wai a nuna wa likitan dabbobi. Kan nan, da ba jiki a bayansa, ya buɗe baki ya kafa masa haƙora a gindin babban yatsan hagu.

Ya yarfe shi, ya dubi ɗigon jini biyun, ya zaro wuƙa ya buɗe ta da haƙori.

Na ce, "Anselme, kada ka yanka!"

"Matsa ka ba ni wuri!"

Na kama hannunsa. Ya kai mini gwiwar hannu a baki, na ji haƙorina ya karye. Muka faɗi kan duwatsu muna kokawa, wuƙar tana wucewa ta gefen kunnena. Huguette ce ta raba mu. Ta ɗaga kwalbar giya ta maka masa a tsintsiyar hannu, wuƙar ta faɗi.

Ta ce, "Tsohon banza! Hannu ɗaya ya rage maka mai kyau, shi ma yanka shi za ka yi? Zauna! Ba ɗauri, ba tsotsa, kada ka ko motsa shi!"

Ta tofa yawu a yatsansa ta murɗe zoben aurensu ta cire tun kafin kumburi ya kama shi, ta rataye masa hannun da ɗankwalinta, ta ruga gida ta kira 'yan kwana-kwana, masu ɗaukar marasa lafiyarmu zuwa asibiti.

Kafin su iso ya fara amai, gumi ya jiƙa shi, leɓunansa sun yi fari. Duk da haka ya riƙe ƙofar motarsu ya ƙi shiga.

"Sai an fara ɗaukar Bruna."

Na ce, "Ni zan kai ta. Shiga, jaki kawai."

Na ɗauke ta a hannu don kada ta taka ƙasa dafin ya ƙara zagaya jikinta, na kwantar da ita a motata. Kafin mu gangara kwari harshenta ya cika mata baki, numfashinta na fita kamar ana ja da zarto. Madam Chaptal, likitan dabbobi, kallo ɗaya ta yi mata ta ce, "Danne mini kafaɗunta, Malam Célestin, kada ka saki." Ta yi mata allura, ta aske wuyan, ta tsaga maƙogwaro ta zura bututu. Jini ya fantsamo mini a riga, ƙirjin Bruna ya ɗaga. Sannan ta sa mata ƙarin ruwa da maganin dafi.

Shi kuwa Anselme a hanya ya suma, jininsa ya sauka ƙasa sosai. A asibiti suka ɗaura masa maganin dafi ta jijiya. Hannun ya kumbura har kafaɗa, ya yi shuɗi-shuɗi kamar ɗanyen nama da aka daka. Da na je duba shi, bai ko dubi bakina da ya kumbura ba.

"Ta mutu?"

"An yanka mata wuya, amma..."

Ban ƙarasa ba ya shaƙe ni da yatsun nan uku, allurar ruwan ta fizge daga hannunsa, jini ya ɓata zanen gado. Sai da ma'aikatan jinya biyu suka danne shi kafin na samu bakin cewa tana da rai, har ta sha ruwa.

Ya sake ni, ya juya fuska bango.

Hannun ya saɓe a hankali, kafin kaka ya koma aiki. Bruna ta warke, sai dai ba ta ƙara yin haushi ba, wani ɗan huci kawai take fitarwa. Bayan wasu shekaru Huguette ta rasu, 'yarsu ta zo ta tafi da shi birnin Montpellier, gidan bene mai matattakala da yawa, Bruna kuma ta tsufa ba ta iya hawa. Sai ta zauna wurina. Duk Lahadi yakan bugo waya ya ce, "Ba kai nake nema ba, ba ni ita." In kanga mata wayar a kunne, ya yi ta zaginta a hankali, ita kuma tana buga wutsiya a ƙasa. Wata Lahadi cikin hunturu 'yar ce ta bugo, ta ce ya cika da safe, yana zaune a kujera.