Katin da Ya Sha Awa Bakwai a Hulata

Daga Mayahi har bakin iyaka babu wanda ya san inji kamata. In inji ya yi tari sau ɗaya, ni nake faɗa wa mai shi ranar da zai mutu. Shekara goma sha biyu ina buga wa mutane takardu a ɗan shagona na bakin kasuwa, don haka da Yaya Haruna, wan matata Zali, ya zo daga Cake da zancen katin auren ɗansa, guda ɗari uku, mai kauri, ranar Alhamis a fara rabo, sai na ce masa ya ɗauka an gama. Tsohuwar na'urata ba ta cin kati, kuma kartush ɗin tawadarta tsada gare shi. Na yanke shawarar zuwa Tasawa in sayo mai tanki, wadda ake zuba wa tawada daga kwalba kamar ana ɗura mai a fitila.

Lahadi: Mayahi zuwa Tasawa

Na fita gida ƙarfe biyar da minti arba'in. Zali ta biyo ni da kati ɗaya daga cikin ɗaurin da Yaya Haruna ya bari, ta ce in gwada da shi kafin in biya. Aljihu zai karya shi, jaka kuma ban ɗauka ba, sai na yi abin da ubana ke yi da takardar haraji: na lanƙwasa shi cikin hula na kifa a kai.

Motar ƴan kasuwa ta tashi ƙarfe bakwai saura kwata, jikka biyu kujera. Mu goma sha tara ne da tumaki huɗu. Tafiyar wajen kilomita hamsin ce, amma rairayi ya sa ta zama ɗari biyar. A shingen jandarma aka duba katin shaida, minti goma muka wuce. Ƙarfe takwas da rabi taya ta fashe. Direba ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai da ka san inji, ko za ka kama mana?"

"Ni na takarda na sani."

"To riƙe mini tunkiyar ga."

Na riƙe tunkiya cikin rana minti arba'in. Gumin da na yi, da an tara shi da an shuka gero.

Tasawa

Mun shiga gari ƙarfe goma da kwata. Na sha fura ta dala talatin a tasha, na zaga shago biyu ban ga abin kirki ba. Ƙarfe ɗaya saura na isa wurin wani Malam Lawali, mutum mai magana a hankali, wanda ke sayar da na'urori yana kuma buga wa mutane aiki. Ya ɗora mini biyu kan tebur, duk masu tanki.

Ta farko baƙa ce, ba ado, maɓalli uku. Takarda ta baya ake jingina mata, ta sauko kusan a miƙe ta fito ta gaba. Ta biyu kuwa amarya ce: ga ɗan allo mai haske, ga murfin hotokofi, ga aljihun takarda a ƙasa.

"Mi za ka riƙa bugawa, Alhaji?"

"Kati. Mai kauri."

"To ɗauki baƙar. Waccan daga ƙasa take jan takarda, ta naɗe ta a ciki ta juyo da ita. Takardar lakwal, irin ta ƴan makaranta, na yarda da haka, kati bai yarda."

Na ce masa ni ba a koya mini inji. Na tuɓe hula a gaban mutane uku da ke zaune, na zaro katin, na sa a aljihun amarya. Ta ja shi sumul, ta fito da shi da furanni ja da kore. Malam Lawali ya murza katin da yatsa biyu.

"Katin naka da taushi."

"Ɗan waje ne," in ji ni.

Ya ce in sani fa, in an zuba tawada a tanki ba a maido kaya. Na ce a zuba. Na biya jikka ɗari da talatin da biyar, har da ƙarin kwalabe huɗu. Ya nuna mini yadda kowace kwalba ke da bakinta, ya ce kada in kwantar da kwalin a mota. Na sayi kilishi na jikka biyu, na sauka gidan wani ɗan ƙanen babana, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka.

Litinin: komawa

Ranar kasuwarmu ce, mota ba ta yi wuya ba. Mun tashi ƙarfe shida da minti ashirin. Na biya kujera biyu, amma a cinya na rungume kwalin. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙwai ne. Ƙarfe tara da rabi ina shago, na tarar da Yaya Haruna ya iso da abokansa biyu, Zali kuma ta kawo musu ruwa ta tsaya kallo.

Na zuba kati goma a aljihun, na danna. Ta yi gurnani, ta ja na farko zuwa rabi, ta tsaya. Na buɗe bayanta na ciro shi a karye. Na biyu ko ɗaga shi ba ta yi ba. Na uku ya fito da baƙin layi a kan sunan amarya. Na ce kuran ne, wato wutar lantarki, ya yi ƙasa. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga kai ya dubi fanka tana ta gudu.

Zali ta ɗauki katin jiya a hannu ɗaya, sabo a ɗayan. Sabon ya tsaya ƙyam kamar faifai. Na jiya ya langaɓe kamar ganyen kabewa, da tabon gumi a gefe.

"Ina ka aje wannan jiya?"

Hannuna ya tafi kan hula da kansa.

Yaya Haruna bai yi faɗa ba. Ya tattara sauran katunansa, ya tambaye ni kwatancen shagon Malam Lawali, ya rubuta a bayan wanda ya karye. Ranar Laraba suka dawo a buge, daga baƙar nan mai maɓalli uku. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, da direban da ya ba ni amanar tunkiya, da Malam Lawali da ya faɗi gaskiya sau biyu.

Da yamma, don in wanke kaina, na ce wa Zali ai na'urar ba ta da laifi, in kati ya sha awa bakwai a hula tana cinsa lafiya lau. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kati ɗari uku, kai guda. Da ka fara tun yau, Malam, ka ga sai a same su ranar suna."