Wuƙar Malam Idirisu da Ragon Gidan Yahuza

A ƙauyen Tsaunin Gawo, tsakanin Dutse da Jahun, duk yaron da aka haifa cikin shekaru talatin ɗin nan da wuƙa ɗaya aka yanka ragon sunansa, ita ce wuƙar Malam Idirisu. Shi manomi ne, bai gaji fawa ba, bai kuma yi zurfi a karatu ba. Tsohon limamin garin ne hannunsa ya fara rawa, ya wakilta shi ya riƙa yanka a madadinsa. Limamin ya rasu, aka naɗa wani, yanka ya zauna a hannun Malam Idirisu. A al'adar garin mai yanka shi ke ɗaukar wuyan dabba, a kuma shimfiɗa masa tabarma kusa da ta liman. Wuyan yana da daɗi, amma duk wanda ya san Malam Idirisu ya san tabarmar ta fi damunsa.

Wani maƙeri ne a Jahun ya ƙera wuƙar da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota. Mariƙinta na icen kanya ne, kubenta jan fata. Tana ɗaure a ƙugunsa ƙarƙashin riga, da ita yake zuwa gona, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa. Da ita yake ɓare goro, ya fere rake, ya yanke igiya, ya cire ƙaya a dunduniya, ya gyara farce. Yana cewa a samartakarsa ya kwana da ita a daji, ya feɗe gada, ya kori kura. Sa'anninsa sun tuna da gafiya guda biyu da wani zomo da kare ya riga ya kama.

Ra'ayinsa a kan sauran wuƙaƙe ba ɓoyayye ba ne. Mai naɗewa, in ji shi, ta masu tsoron 'yan sanda ce. 'Yar kanti mai ƙyalli kuwa madubi ce aka yi wa mariƙi. Wani jikan maƙwabcinsa da ke aiki a Dutse ya taɓa nuna masa wata ta ƙasar waje mai almakashi da zarto da abin buɗe kwalba. Malam Idirisu ya juya ta, ya miƙa masa abinsa, ya ce, “Ɗan nan, wannan ba ta yanke shawarar abin da take so ta zama ba.”

Abin da ya fi so a duniya shi ne wasa wuƙar. Yana da dutse babba a ƙofar gida, da ƙarami a aljihu. Kowace safiya sai ya zauna ya wasa, ko an yi yanka ko ba a yi ba, ya gwada a gashin hannu, ya ƙara wasawa. Hannunsa na hagu babu gashi tun zamanin soja. Ƙarfe kuwa ba ya tsiro. Wuƙar da dattawa suka san ta da tsawon taƙi da rabi ta yi ta komawa ciki, ta sirance, har ta zama ba ta fi ɗan yatsa ba sai da kaɗan. Kuben yana nan da tsawonsa na da, don haka idan ya zare ta sai ka ga ta ƙare tun kafin ka gama sa ido.

Matarsa Hindatu ta ce ta daɗe da faɗa masa. “Na ce, Malam, abin nan fa ta zama tsinke. Ya ce mata ba su san ƙarfe ba. To mu da muke yanka kuɓewa kullum, ai ba mu sani ba.”

Mutanen gari ma sun lura. Kaza tana yankuwa, ɗan akuya yana yankuwa da ɗan ƙoƙari. Rago kuwa sai ka ga masu riƙewa suna zufa, suna kallon juna. Ba wanda ya yi magana, domin babu mai son ya gaya wa wanda ya yanka ragon sunansa cewa wuƙarsa ta ƙare.

Sai aka zo sunan gidan Yahuza, wani matashin manomi da aka haifa wa ɗan fari. Yahuza ya turke ragon tun matarsa na da ƙaramin ciki, ya ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayin wake har wuyansa ya yi kamar turmi. Da safiyar suna aka kayar da shi ya fuskanci alƙibla. Liman, Malam Abdulbaƙi, yana tsaye. Yahuza ya dubi wuyan ragon, ya dubi wuƙar, ya sassauta murya.

“Baba, ko a karɓo ta gidanmu? Sabuwa ce.”

“Da wace aka yanka naka?”

“Ai lokacin tana da tsawo, Baba.”

“Riƙe ƙafa.”

Ya yi bisimilla ya ɗora. Wuƙar ta shiga, ta ɓace a cikin gashi da kitse, ta kama maƙogwaro ta tsaya. Ya ja, ya tura, ya sake ja. Daga nan ya yi abin da hannunsa ya saba yi duk lokacin da wani abu ya ƙi yankuwa. Ya ɗaga wuƙar, ya sa hannu a aljihu, ya fito da ƙaramin dutsen, ya fara wasawa. Rago yana shure-shure. Liman ya ce, “Malam Idi! Mayar da hannu!” Shi kuwa ya ce, “Yanzu, Allah gafarta Malam, bakin ne ya ɗan kwanta,” ya juya ɗaya gefen ya wasa shi ma, sannan ya koma ya ƙarasa.

Hukuncin da aka san shi a garin bai da wuyar fahimta. Mai yanka ba ya ɗaga hannu sai ya gama da maƙogwaro da jijiyoyin wuya. Idan ya ɗaga ya daɗe sannan ya dawo, dabbar ta zama mushe. Liman ya faɗi haka a gaban kowa, ya ce a ja ragon a kai bayan gari.

Nan aka ga yawan malaman da Tsaunin Gawo ke da su. Wani ya ce ɗagawar ba ta kai ɗagawa ba. Wani ya buga wa surukinsa waya a Takur, wanda aka ce ya yi karatu a waje, aka sa murya a fili. Surukin ya tambaya, “Ya daɗe?” Masu riƙe da kwanon karɓar nama suka haɗa baki, “Ƙiftawar ido!” Sai Malam Idirisu da kansa ya matso kusa da wayar don ya wanke sunansa. Ya ce shi bai taɓa yin wasawar ƙiftawar ido ba a rayuwarsa, gefe biyu ya bi, kowanne sai da ya yi kyau. Surukin ya ce to a bi maganar liman, ya kashe waya.

An ja ragon an kai bayan gari. Washegari ba a ga ko ƙaho a wurin ba, kuma karnukan garin ba su nuna alamar ƙoshi ba. Gidaje da dama sun yi suya da yamman nan, kowa ya ce daga kasuwar Jahun ya sayo. Ranar ba kasuwa take ci ba.

Shi Yahuza bunsurun mahaifiyarsa ya roƙa aka yanka. Wani mahauci, Izzuddeen, da aka kira don fiɗa, shi ya yanka, da 'yar kanti mai ƙyalli.

Bayan kwanaki liman ya tara dattawa a zaurensa, aka kira Malam Idirisu. Ba su so su kunyata shi. Ɗan maƙerin nan na Jahun yana nan yana ƙira, sun sa ya ƙera sabuwa da irin ƙarfen, da irin icen, doguwa. Liman ya ajiye ta a gabansa ya ce, “Ka riƙe wannan, yanka naka ne kamar yadda yake. Waccan a bar ta ta huta.”

Malam Idirisu ya ɗauka, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kai kunne. Ya ce, “Ƙarfen motar yanzu ne. Allah gafarta Malam, ni da wuƙata tare muka karɓi yankan nan. In za a sallame ta, a sallame mu tare.”

Ya faɗi haka yana jiran a ba shi baki. Liman ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Liman ya ce, “To, Allah Ya saka da alheri,” aka shafa fatiha. Yanka ya koma hannun Izzuddeen, sabuwar wuƙar ma aka ba shi.

Har yanzu Malam Idirisu ba ya fashin zuwa suna. Yana tsayawa a bayan masu riƙe ƙafa, hannu a ƙugu, yana girgiza kai. Da aka tambaye shi ko ya yi nadama, ya ce nadamar me, shi da wuƙarsa ba su canja ba.

“Raguna ne suka lalace,” in ji shi. “A da rago wuyansa daidai misali, yana kiwo a daji, ya san ladabi. Yanzu a turke shi a yi ta ɗura masa dusa har ya fi mai gidan ƙiba. Ku dawo da ragunan da, ku kira ni.”

Yahuza, wanda matarsa ke da ciki na biyu, ya riga ya turke wani. An ce ya fi na farkon wuya.