Ƙeyar Kakana a Silima

Rannan a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Guillotière wani saurayi yana busa ƙaho, sai na tsaya ina saurare. Kakana ne ya faɗo mini a rai.

Ni dai da tsufansa na san shi, a gidanmu na saman bene a Vaulx-en-Velin. Lokacin sanyi yakan jingina da shofaj, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki, yana jan carbi, ɗakin duk ƙamshin man zafi. Amma da za ka dubi ɗaya hannun, yatsunsa kiɗa suke bi a kan gwiwa, shi bai ma sani ba. Mu jikoki mu ce masa "Shef", wato shugaban makaɗa, ya rarumo sanda, mu watse.

Da ƙuruciyarsa shi ke jagorantar wani babban orkestur, wato ƙungiyar makaɗan jaz, a Paris. Masu ƙaho sahu-sahu, da mai ganga, da mai piyano, kowa hannunsa yake kallo. Masu shirya fim kan ɗauke su in ana son wurin rawa. Sharaɗinsa guda ne: kada a nuna fuskarsa. Finafinan suna kaiwa har silimar Damagaram, mahaifinsa kuwa limami ne, a saninsa ɗansa fatauci ya tafi.

"Mai ba da kiɗa ai mutanensa yake fuskanta," in ji shi. "Nasaran ba su yi mini gardama ba."

Da ya dawo daga Makka ya ƙone hotunansa kaf, bai sake tsayawa gaban mai hoto ba. Hoton da ke jikin katinsa na izinin zama ma ya bi gawarsa gida Damagaram, ya ɓace a can.

Bara Inna mahaifiyata, ƴarsa tilo, ta kwanta ciwo. Wata safiya ta riƙe hannuna ta ce fuskar babanta ta fara ɓace mata, ko sau ɗaya tana son ta sake ganinta. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na yi ta zarya a ma'ajiyar tsofaffin finafinai har na same shi. Ga shi dogo cikin farar kwat, kafaɗunsa suna rawa, ƙahoni suna tashi da ɗaga hannunsa. Fim bayan fim, ƙeya ce kawai. A guda ɗaya, da aka soma tafi, ya fara waiwayowa har kunnensa ya bayyana, sai aka yanke.

Wannan fim ɗin na kai mata asibiti a salula. Ta gane shi nan take. Ta sa na mayar baya, na sake mayarwa, har hannuna ya gaji. Can ta matso da fuskarta, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, juyo mana. Ni ce."

Ba ta kai bazara ba.

Yau ƴaƴana ko abinci aka zuba musu sai sun ɗauki hotonsa, ba na hana su. Abin da ke ci mini rai, na zauna gaban tsohon nan shekara da shekaru ina tsokanarsa, amma tun da na kalli finafinan, in na rufe ido ni ma ƙeyar nake gani.