Sojan Guga a Gaban Hakimi

Na manta sunayen rabin jikokina, amma ranar da na je Kankia neman a cire ni daga haraji, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, ana ta kwasar samari zuwa ƙasar Bama. Ni ma na yi aikin soja, kada wani ya musa: shekara biyu ina wanki da guga a bariki a Kano. Bindiga dai ban taɓa ba, amma babu kakin da ya fita fareti bai bi ta hannuna ba. Da zan komo gida Sukuntuni, wani saje ya ba ni tsofaffin takalmansa, kowane ɗaya kamar turmi.

Na iske ana ƙidayar haraji. A bariki na ji cewa soja ba ya biya, sai tambaya ta tsaya mini a rai: wai a ina soja ya ƙare? Mai harbi soja ne, mai busa bigila soja ne, to mai guga fa? Aji biyu na yi a elementare, don haka na ga tambayar ta fi ƙarfin mai unguwa. Da na kai masa ita kuwa, ya ce in je in tambayi hakimi, amma in sani, in ba a cire ni ba jakina zai tafi kasuwa, tunda ban yi noma ba. Jakin nan shi kaɗai babana ya bar mini.

Dabarata ɗaya ce. Soja ba ya tuɓe takalmi gaban sarauta, ba ya durƙusawa, ƙamewa yake ya sara. Kwana uku ina koyo bayan rumbu, har matata ta leƙo ta ce, "Maigida, in ciwon baya ne ka faɗa a jiƙa maka magani."

Na taka har Kankia cikin takalman, duk sun saɓe mini dugadugai. A ƙofar zaure ga takalman mutane jere. Wallahi har yau ban san yadda aka yi ba. Na dai tsinci kaina a ciki, a durƙushe, hannu dunƙule a sama, ina "Ranka ya daɗe", takalmana kuma suna waje, na ma jera su tsaf kusa da na jama'a.

Hakimi ya saurare ni har ƙarshe. Ya tambayi lambata ta soja, na ce mu 'yan guga ba a ba mu ba. Ya leƙa ƙasa ya ce, "Sojoji da yawa sun shigo zauren nan, ban taɓa ganin tafin ƙafar ko ɗaya ba. Naka ga shi, har da kaushi."

Fadawa suka tuntsire. Ni dai ban haƙura ba, na ce, "To ranka ya daɗe, mai guga fa, mene ne shi?"

Ya ce, "Talakana ne, kuma mai ladabi. A rubuta shi."

Na fito ina tunanin jaki, sai na iske wani dogari ya zura ƙafa ɗaya cikin takalmina yana gwadawa. Nan take muka daidaita, abin da ya ba ni ya isa harajin. Na koma gida ba takalmi, jaki ya tare ni da kuka, bai san abin da ya tsallake ba.

Tun ranar na koyi abu guda: kafin ka je gaban manya ka ce kai wani ne, fara shawara da gwiwoyinka. Su ba su iya ƙarya ba.