Karan Awon Inna

Wata safiyar Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da ta biyo bayan gubar dalmar da ta ɗauke yara a Yargalma. Ina tsugune bakin murhu ina hura wuta sai na ji hon ɗin motar Buba direba, mai zuwa Sakkwato, wanda duk unguwarmu a Gummi ke ba saƙo. Yayana Lawali ya tafi fadama korar tsuntsaye tun asuba, ya manta shaf yau ce motar ke tashi. Inna ta shiga ɗakinsa ta ɗauko wani koren allo mai ƙananan ƙarafuna da ya naɗe a tsohon zanenta, ta ce in zaro mata kara a jikin danga. Ta ɗora karan a kan wani siririn rami da ke jikin allon, ta karya shi daidai tsawon ramin, ta miƙa wa Buba. "Abin da ka shiga nan shika so, memori sunanai. A samo mai daidai wanga tsawo."

Haka ake sayo mana takalmin Sallah tun muna rarrafe. Ba a zuwa da yaro kasuwa. A tsayar da kai a ƙasa, a auna tafin ƙafarka da kara, a karya, a ba mai tafiya. Awon Inna bai taɓa yin ƙarya ba, kuma ta san haka, shi ya sa ko gezau ba ta yi ba.

Allon nan shi ne cikin kwamfutar da Lawali ke haɗawa. Ya ɗan zauna shagon wani mai gyara a Gusau, da zai dawo maigidan ya ba shi allon kyauta, sauran kayan kuwa ɗaya bayan ɗaya yake tarawa. Burinsa ya kafa tebur a bakin kasuwa yana buga wa mutane takardu, yana zuba karatu a waya. Amma abokansa duk sun tafi ramukan zinare wajen Bukkuyum, suna dawowa da sababbin babura suna yi masa dariya. Har ya faɗa a tsakar gida, kowa na ji, cewa idan aka gama yankan shinkafa abin nan bai tashi ba, shi ma zai bi su. Tun ranar Inna ta daina cin tuwon kirki. Ni ma tsoro ya kama ni, don shi ke goya ni mu haye gulbi in ruwa ya cika, shi ke tare min faɗa a makarantar boko.

Akwatin wuta, wanda ke raba wa sauran kayan lantarki, shi ya fara saye, kuma a nan Baba ya sa baki. Baba bai san kwamfuta ba, amma ya san injin ban ruwa. Da Lawali ya ce zai ɗauki ƙarami mai araha, sai Baba ya ce, "Inji shi ka hi gona ƙarhi. In gona ta hi shi, ƙonewa shikai ya bar ka da busasshiyar shinkahwa." Lawali ya yi ta gunaguni, amma ya dawo daga Gusau da wani mai nauyi kamar dutsen niƙa, wanda ƙarfinsa ya zarce abin da kayan za su ci. Ya gwada bakin wayar akwatin da na allon, suka zauna ɗas. Saura memori kawai.

Da Buba ya dawo, ina cikin wasan carafke da ƙawayena na watsar da duwatsun na ruga gida. Lawali ya ji labarin karan ya yi tsaki, amma da ya ɗora memorin a kan ramin, tsawo ya yi daidai, ko ƙiris babu bambanci. Inna ta yi murmushin nan nata na wadda ta san aikinta. Ya danna, abu ya ƙi shiga. Ya juya shi ya sake dannawa, ya ƙi. Ashe iri-iri ne, duk tsawonsu ɗaya, an kawo mana na sabon yayi alhali allonmu tsoho ne. Wayyo, ban taɓa ganin fuskar yayana haka ba. Ya ce masu shago ba sa karɓar kayan da aka buɗe, shi ke nan, ya gaji. Ya fice, da yamma na ga ya wanke jakarsa ta tafiya ya shanya.

Washegari da hantsi, bayan ya tafi fadama, Inna ta sa na fito da allon cikin rana. Ta daɗe tana kallonsa, ta bi ramin da farce har ta ci karo da wani ɗan tudu a tsakiya. Ta ɗaga memorin ta ga tsaga a bakinsa, sai dai ba a saitin tudun ba. "Ke dubi, wushirya garai. Tsawo niy auna, ban auna wushirya ba." Ta sa na kawo sabon kara da reza, don ni ce gwanar sassaƙa tabarau da gadon 'yartsana. Na yanka tsagar a jikin karan daidai inda farcenta ya tsaya. Ta ƙulle karan da memorin a tsumma, ta kai wa Buba da kanta, har da ƙwaryar nonon da maƙwabciyarmu Bafulatana ta kawo mana.

Buba ya ce mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabtansa su ga kara. Daga baya ya zazzage kayansa yana ɗora karan a kan kowanne har wushirya ta hau wushirya, ya musanya ba gardama.

Ranar da ya iso da memorin an fara yankan shinkafa. Lawali ya karɓa ba ya ko kallonmu, ya ɗora, ya danna, sai muka ji ƙas. Aka aro janaretan mai aski, aka jona. Fankar akwatin wutan nan ta fara juyawa, wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, rubutu ya fito a gilashin kwamfutar. Na yi tsalle har na zubar da butar Baba. Inna ta je ta sauke jakar Lawali daga igiya, ta zuba albasa a ciki ta rataye a madafa.

Yanzu Lawali na da shagonsa da yaran da yake koya wa aiki. In ana son wani abu, hoto ake ɗauka a waya a tura, kafin la'asar an san lambarsa da irinsa, ba mai neman kara. Buba ya ajiye tuƙi, dangarmu ta zama bulo, Inna kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Bana da Sallah ta matso, ɗiyata ta ce in ɗauki hoton ƙafarta in tura wa mai takalma. Na ce ta tsaya a ƙasa tukuna. Na zagaye gidan kaf ban samu kara ko ɗaya ba, sai na zauna na riƙe ƙafar a hannuna.